Sitikar Da Aka Ce Ta Ɓare

Mai shara ce ta fara ganin akwatin, a ƙarƙashin bencin siminti da ke can bayan lambun shaƙatawa, kusa da lilon yara. Ɗan akwatin roba ne baƙi, an tura shi cikin ciyawa, ba rubutun komai a jikinsa. Ta yar da tsintsiya ta kwarma ihu. Kafin ka ce kwabo iyaye sun kwashi 'ya'yansu sun ranta a na kare, wata tsohuwa ta faɗi a turmutsutsun ta karya hannu, 'yan sanda suka zo suka ja igiya suka rufe lambun. Da aka buɗe akwatin, fensir aka tarar da 'yar motar wasa.

Irin akwatunan ƙungiyarmu ne. Wasanmu kuwa ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa: wani ya ɓoye akwati, ya sa lambobin wurin na taswira a waya, sauran su bi. Waya takan kai ka kusa, ragowar aikin na idonka ne. Sharaɗi ɗaya hukumar lambun ta gindaya mana, kowane akwati ya zama da sitika a murfi mai cewa wannan na wasa ne, ba abin cutarwa ba, ga lambar da za a kira. Ni ce mai yin sitikar nan, kuma da ita aka san ni.

Aikina ba na sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Sai na goge murfin da samfefa ya yi kaushi, in wanke shi da sifirit, in zagaye kusurwoyin sitikar da almakashi don kada farce ko iska su sami wurin kamawa. In na manna, in hura mata zafi da abin busar da gashi, sannan in rufe ta da farar leda mai shara-shara. Akwai wadda na jiƙa a bokiti har ruwan ya yi gansakuka, ta fito tas. Yau ga shi an ce tawa ta ɓare har ta karya hannun tsohuwa.

A ofishin Manajan lambun aka tara mu. Kowa ya yarda cewa akwatin Malam ne, dattijon da ya kafa ƙungiyar. Shi ya kawo mini akwatin da hannunsa na manna masa sitika, ya je ya ɓoye shi a bayan lambun, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Damina biyu ana nema ba wanda ya gani, sai a makon da ya wuce yayana ya sanar cewa ya gano shi. Ba wanda ya yi mamaki, don Gwani ake ce masa, bai taɓa fita neman akwati ya dawo hannu rabbana ba.

Manaja ya dube shi. "Gwani, kai kaɗai ka taɓa riƙe shi. Da sitika a jikinsa lokacin?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana murza makullan babur ɗinsa. "Yallaɓai, ƙanwata ce, amma gaskiya ɗaya ce. Da sitika, sai dai gefenta ya riga ya fara ɗagawa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. "Yaya! Wane gefen? Sitikata ba ta da gefen da zai ɗaga!"

"Ke, yi haƙuri. Damina biyu fa ba wasa ba ce."

Sha-yanzu, wanda shagonsa na buga takardu ke kallon nawa, ya gyara zama ya yi tarin da ba na mura ba. Ya daɗe yana zawarcin aikin sitikar ƙungiya. Manaja ya yanke magana: ranar Asabar za a taru a lambun, in ba a kawo masa wani bayani ba, sunana zai ba 'yan sanda da dangin tsohuwar, kuma a cire sitikata daga kowane akwati a sanar da dalili. Mai irin sana'ata in aka ce aikinsa na ɓarewa, ya rufe shago kawai ya huta.

Na roƙa a nuna mini akwatin, Manaja ya ce yana hannun hukuma. Na fito ina huci, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Kawu na tarar a tsakar gida yana ɗinke takalminsa da basilla. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ya yi rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun mafarautan sata da dabbobin da suka ɓata, har ya yi ritaya. Mutum ne mai faɗa, kuma ya tsani wasanmu tun ran da ya ji labarinsa.

"Manya da gemu suna bin waya kamar akuya da igiya," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Yanzu ga shi kun karya 'yar mutane."

"Kawu, ba wa'azi na zo ji ba. Za a ɓata mini suna a kan abin da ban yi ba."

"Kin tabbata ba ki yi ba?"

"Wallahi ko da guduma aka bi ta, sai dai murfin ya fashe da ita a jiki."

Ya ɗago ya dube ni, ya ciji zaren ya tsinke. "Bakin nan naki na uwarki ne. Ɗauko mini hulata."

Abin da aka hana ni, Kawu bai ma roƙa ba. Ya zauna a ofishin Manaja ya miƙe ƙafa, ya ce ba inda za shi sai ya ga akwatin. Ashe 'yan sanda sun riga sun dawo da shi, yana cikin durowa. Manaja ya fito da shi yana tsaki.

Ina ɗora yatsa a murfin na san komai. Santsi ne da shi kamar faranti, ba kaushin samfefa, ba ragowar gam, ba ma inuwar da sitika kan bari in rana ta koɗar da robar da ke kewaye da ita.

"Wannan murfin bai taɓa ganin sitikata ba," na ce. "Musanya akwatin aka yi!"

"Haka kowa zai ce in yana matsayinki, Hajiya," in ji Manaja. "Kawo mini wanda ya musanya, sai mu yi magana."

Mai shara muka fara nema. Muka same ta a bakin ƙofar lambun, zaune a kan bokitinta, tun da aka rufe wurin ba ta da abin sharewa. Tana ganina ta haɗe rai, don ta daɗe tana ƙorafin muna tattake mata furanni muna birkita duwatsu. Ni kuwa har na gama yanke mata hukunci a raina.

"Inna, ke kika ɗauke na gaskiyar kika sa wannan, don a kore mu, ko?"

"Ji 'yar nan! Ni da na kusa sakin fitsari don tsoro? In korarku nake so, ai tsintsiya ta ishe ni."

Kawu ya galla mini harara. Ya tsuguna a gabanta ya gaishe ta kamar ba abin da ya kawo shi. "Inna, ƙarƙashin bencin nan, kina kai tsintsiya can?"

"Ba lungun da ba na kaiwa. Wai damina biyu yana nan! Da yana nan, da tuni ya tafi bola."

"Ba ki ga wani yana yawan zarya a wurin ba?"

"Akwai wani mai hular kwano. Ya zo ya fi a ƙirga, ko hular ba ya cirewa. Ya rarrafa nan, ya tona can, ya tashi ya shuri dutse ya tafi."

Mai hular kwano! Sha-yanzu da babur yake yawo. Ban jira Kawu ba na yi gaba.

Na same shi yana yanka katin biki, shagon na warin tawada. Ban yi sallama ba na zazzage masa duk abin da ke cikina, har masu wucewa suka fara tsayawa. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ajiye wuƙar.

"Maƙwabciya, ina son aikin nan, ban ɓoye ba. Amma ki yi tunani. In ni na musanya akwati, ai tawa sitikar zan manna a kai, a ga ta fi taki. Ni da ko tsugunawa in ɗaure takalmi sai na huta, ina ni ina rarrafe a ciyawa?" Ya shafa tumbinsa. "Kuma irin akwatin nan mai shuɗiyar roba a bakin murfi, wa ke odarsa duk layin nan in ba ke ba?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Kawu ya iso yana tafiyarsa ta ƙasaita, ya ce in buɗe masa shagona ya sha ruwa. Bai sha ba. Ya wuce ɗakin baya, inda nake jera sababbin akwatunan da ba a manna musu komai ba tukuna, inda kuma Yaya ke ajiye babur ɗinsa in ya shigo kasuwa. Ya daɗe yana kallon kantar, ya shafa ƙurar da ke kai da yatsa. Na tambaye shi me ya gani, ya ce shagona na buƙatar shara.

Washegari da safe Manaja ya ɗaga mana igiyar muka shiga lambun. Kewayen bencin duk takalman 'yan sanda sun dagula shi, na ce a raina aikin banza muka zo yi. Kawu bai ko dubi sawun ba. Ya kwanta rubda-ciki da tsufansa ya leƙa ƙarƙashin bencin, inda aka zaro akwatin da dogon ƙarfe. Ciyawar wurin ta kwanta daidai girman akwatin, amma koriya ce shar, har ta fara miƙewa. Ya tashi ya je ya ɗaga wani bulo da aka yasar a gefe. Ƙarƙashinsa ƙasa ce tsirara mai laima, da 'yan saiwoyi farare da tururuwa. Ya mayar da bulon yadda yake.

Daga nan ya shiga zagaye a hankali, hannu a baya. Ya nuna mini gurbin gwiwa a cikin taɓon da ya bushe, da duwatsun da aka juya aka bar su a kife, da wani shinge da aka tattake gindinsa.

"Wannan mutumin ya wahala," ya ce. "Kuma ya yi fushi. Duba inda ya shuri tukunyar fure." Sai ya juyo. "Malam ɗin nan naku, yaya tafiyarsa take?"

"Da sanda. Ciwon gwiwa ne da shi, ko salla a kujera yake yi."

"A kujera," in ji Kawu. Ya daina kallon ƙasa, ya fara bin bishiyoyin wurin da ido ɗaya bayan ɗaya. A gaban wata tsohuwa mai kauri ya tsaya, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ta, amma bai sa hannu ba. Da ya juyo, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin da ɓacin rai, irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba.

"Kawu, mene ne?"

"Je ki gida. Ranar Asabar ki ci abinci sosai kafin ki fito, za ki buƙaci ƙarfi."

Ranar Asabar kowa ya hallara a gaban bencin: 'yan ƙungiya, Manaja da ɗan sanda ɗaya, mai shara riƙe da tsintsiyarta, Sha-yanzu, har da ɗan tsohuwar da ta karye, yana ta zare mini ido. Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, ya rataye hular kwanonsa a hannu, ya ce in kwantar da hankalina, zai sa baki a yi mini sassauci. Na ce masa ba na so.

Kawu ya fito tsakiya. "Kai, Gwani, zo nan. Kai kaɗai ka taɓa gano akwatin Malam. Nuna mana inda ka same shi."

Yaya ya nuna ƙarƙashin bencin. "Nan, Kawu. Can ciki."

"Ka tabbata?"

"Haba Kawu, ni ne fa."

"Da sitika a jikinsa?"

"Na faɗa, ta fara ɗagawa."

"To." Kawu ya sa ƙafa ya ture bulon nan. "Jama'a, ku duba. Abin da ya yi damina biyu a kan ciyawa, haka ƙarƙashinsa yake zama. Yanzu ku leƙa ƙarƙashin benci." Aka yi ta leƙawa, har da ɗan sandan. "Ciyawar da aka danne kwanan nan ce, ko rawaya ba ta yi ba. Inna ta ce da yana nan da ta share shi, kuma gaskiya ta faɗa. Sannan ku da kuka san Malam, ku gaya mini yadda mutumin da ke salla a kujera zai rarrafa ya tura akwati can ƙuryar."

Manaja ya ce, "Wato musanyawa aka yi ke nan, kamar yadda ta ce?"

"Ba a musanya komai ba, Yallaɓai. Kafin ka musanya abu, sai ka fara gano shi. Biyo ni."

Ya kai mu gaban tsohuwar bishiyar. Daidai ƙirjin mutum akwai wani ɓawo da ya ɗan bambanta da sauran, zanensa a kwance alhali na bishiyar a tsaye yake, yanar gizo-gizo ta ɗinke gefensa da ƙura. Kawu ya ce shi bai taɓa ba, Manaja ya cire da hannunsa. Manaja ya ja, ɓawon ya fito, sai ga kogo. Ya zura hannu ya zaro akwati baƙi, duk kashin tsuntsu da gansakuka. Ya goge murfin da hannun rigarsa.

Sitikata ce, lafiyarta ƙalau. Kowane harafi na nan raɗau, lambar waya na nan, kusurwoyi huɗu a manne kamar jiya na gama. Hawaye suka zubo mini, amma ba na daɗi ba ne, don a lokacin na riga na juya ina kallon yayana.

Kawu ma shi yake kallo. "Ka yi ta zarya ka kasa. Maimakon ka ce ka kasa kamar kowa, sai ka buɗe shagon ƙanwarka da makullin da ta amince ta ba ka, ka ɗauki sabon akwati a kanta, gurbinsa na nan a cikin ƙura. Ka jefa fensir da motar wasa, ka tura ƙarƙashin benci, ka sanar wa duniya Gwani ya yi abin da ya saba. Ƙarya nake?"

Mai shara ta nuna hular kwanon Yaya da tsintsiya. "Ita ce wallahi, ga ma tsagar da na saba gani a gefe!"

Yaya ya kawar da kai. "Kawu, ban yi zaton abin zai kai haka ba. Na yi niyyar in dawo in ɗauke shi. Kowa na jira ya ji na kasa, ni kuma..."

"Kai kuma sai ka ce a karya tsohuwa, a kai ƙanwarka gaban hukuma, kai dai kada a cire maka rawanin gwaninta!" Kawu ya tofar da yawu gefe. "Ana zaton wuta a maƙera, ashe a cikin gidanmu take."

Ɗan tsohuwar ya yi kukan kura zai shaƙe shi, ɗan sanda ya shiga tsakani. Sha-yanzu ya matso yana ba ni haƙuri a kan tarin da ya yi a ofis, Manaja na cewa a yafi juna, Hajiya, an gane gaskiya. Duk ban ji su ba. Ajiye akwatin bogi wauta ce, zan iya yafe wauta. Abin da na kasa yafewa shi ne ranar da aka tambaye shi a ofis, yana da damar ya ce bai lura ba, ya zaɓi ya ce aikina ya ɗaga.

Yaya ya tako wurina, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata, don girman Allah, kada ki bari a tafi da ni. Mu je gida mu yi magana."

Na karɓi akwatin Malam daga hannun Manaja na danƙa masa. "Ka ce gefenta ya ɗaga. Ɓare ta."

"Haba, ke kuwa..."

"Yaya, ɓare ta a gaban mutanen da ka faɗa wa!"

Ya duba hagu ya duba dama, ba wanda ya cece shi. Ya sa farce a kusurwa, farcen ya zame. Ya koma wata kusurwar, ya danna har farcen ya karye ya fara jini. Mutane suka matso, ba mai dariya. Ya laluba aljihu ya ciro makullansa, ya zaɓi ɗaya ya shiga kankara, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan murfin. Robar da ke gefe ta karce, sitikar ko gezau.

Sai na lura da makullin da yake kankarar da shi. Na shagona ne, mai ɗan jan zare da na ɗaura masa da hannuna don kada ya ɓace masa.

Na riƙe hannunsa, na zare makullin daga zoben, na jefa a jakata.

"Babur ɗinka ka nema masa wani wurin ajiya," na ce. Na miƙa wa Manaja akwatin. "Yallaɓai, a mayar da shi inda Malam ya sa shi. Har yanzu ba ɗan ƙungiyar da ya gano shi."